Kafin Ka Danna Y: Yadda Ake Sabunta Linux Ba Tare Da Da-na-sani Ba

Duk wanda ya taɓa sabunta kwamfutar da ke ɗauke da Ubuntu ko Debian ko Linux Mint ta hanyar rubuta umarni ya san abin da ke biyo baya. Sunaye za su zubo a allo, dogaye da gajeru, galibinsu sun fara da lib, sannan daga ƙasa a ga lambobi huɗu: fakiti nawa za a sabunta, nawa za a shigo da su sababbi, nawa za a cire, nawa kuma za a bari yadda suke. Daga nan kwamfuta ta tsaya tana jiran izini, Y ko n. Yawancinmu ba ma kallon lambobin nan. Yatsa ya riga ya saba, kafin ido ya karanta ya danna.

Lamba ta uku ce ya kamata ido ya fara sauka a kanta. In sifiri ce, da sauƙi. In kuwa ta kai goma ko hamsin ko ɗari, alhali kai ba ka ce a cire maka komai ba, to ɗauke hannunka daga kan madannai ka karanta sunayen. A sabon zubin apt, manhajar da ke kula da fakitoci, wanda ya zo da Debian 13 a 2025, har jan launi aka sa wa abubuwan da za a cire, don kada wani ya ce bai gani ba.

A ƙarshen 2021 Linus Sebastian, ɗan Kanada mai tashar Linus Tech Tips a YouTube, wanda kwamfuta ce sana'arsa, ya so saka manhajar wasanni ta Steam a Pop!_OS, wani nau'in Linux. A lokacin akwai kuskure a yadda aka haɗa fakitin, sai apt ya ga ba yadda za a yi Steam ya shiga sai an tumɓuke muhimman sassan da ke zana fuskar kwamfutar. Ya jera su, ya yi gargaɗi, ya ƙi karɓar Y kawai, ya ce sai an rubuta masa cikakkiyar jimla, "Yes, do as I say!", wato na ji na gani, yi abin da na ce. Mutumin ya rubuta. Abin da ya rage masa shi ne baƙin allo mai jiran umarni, ba taga ba linzami. Asalin laifin na fakitin ne, kuma an gyara shi, amma duk abin da zai faru yana rubuce a gabansa kafin ya faru.

Abin da zai sa saka manhaja guda ya jawo korar wata da ba ruwanta da ita shi ne madogara. A Linux manhaja ba ta zuwa da kayan aikinta duka. VLC yana aron laburaren libavcodec na aikin FFmpeg wajen warware nau'o'in bidiyo da yawa. Manhajoji barjat da ke hulɗa da intanet a sirrance suna aron libssl na OpenSSL. Kusan komai kuma a kan libc6 yake tsaye. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa da rijiya ɗaya a tsakar gida: a yashe ta kowa ya sha ruwa mai kyau, wani ya jefa mata abin da bai dace ba kowa ya kwana da ƙishi. Lokacin da aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL a Afrilun 2014, ba sai da aka bi kowace manhaja aka yi mata aiki ba. Fakiti guda aka sabunta, aka sake tayar da masu amfani da shi, kafar ta toshe. Alfanun tsarin ke nan. Wahalarsa ita ce kowane fakiti yana zuwa da sharuɗɗansa: ina bukatar wane, kuma sai daga siga kaza zuwa sama, ba na zama wuri ɗaya da wane. Rubuta `apt show vlc` ka duba layin da ya fara da Depends, za ka ga sharuɗɗan da idonka. Rumbun Debian yana ɗauke da fakitoci fiye da 60,000, kuma aikin apt, tun da ya fito a ƙarshen shekarun 1990, shi ne ya samo haɗin da zai cika sharaɗin kowa a lokaci guda. In bai samu ba sai da korar wani, zai faɗa maka kafin ya taɓa komai.

Sababbin shiga kan ruɗe da umarni biyu masu kama da juna. `sudo apt update` ba ya sabunta ko manhaja ɗaya. Jerin abin da ke cikin rumbu a yau kawai yake ɗaukowa. Wanda ya yi shi kaɗai ya rufe kwamfuta bai yi komai ba tukuna. Wanda kuma ya tsallake shi ya tafi kai tsaye ga `sudo apt upgrade`, da tsohon jeri yake aiki, shi ya sa yakan ci karo da lamba 404, domin fayil ɗin da yake nema an riga an maye gurbinsa a rumbu. Ka fara da na farko, ka duba abin da ke jira da `apt list --upgradable`, sannan ka yi na biyu. Shi `apt upgrade` mai kunya ne: zai sabunta, zai shigo da sabon madogari in ana bukata, amma ba zai cire komai ba. Wanda ke da izinin cirewa shi ne `apt full-upgrade`, wanda tsofaffin hannu suka sani da dist-upgrade, haka ma `apt install` in abin da ka nema ya yi karo da abin da ke ciki. A waɗannan biyun ne karatu ya zama wajibi. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ƙara `-s` a umarnin. Zai nuna maka duk matakan da zai ɗauka ba tare da ya ɗauki ko ɗaya ba.

Sau nawa za a yi? A ganina sau ɗaya a mako ya isa ga kwamfutar gida ko ta shago. Na san akwai masu cewa abin da ke aiki ba a taɓa shi, kuma ba su rasa hujja ba, don kowa ya san wanda ya sabunta ya wayi gari firinta ta daina amsawa. Amma duk gyaran tsaro da aka fitar, sanarwa ce ga ɓarayi cewa ga inda kafa take. Kamfanin Equifax na Amurka ya bar ɓarakar Apache Struts a buɗe bayan gyaranta ya fito a Maris na 2017, masu kutse suka shiga a watan Mayu, bayanan mutane kusan miliyan 147 suka fita. Ko da batun tsaro bai dame ka ba, sabunta fakiti ashirin ya fi sauƙin bibiya a kan sabunta ɗari shida rana ɗaya, domin in wani abu ya lalace ka san inda za ka nema.

Masu rubuta littattafan jagorar Linux galibi suna zaune ne a inda wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma ba a auna ta da megabayit. Mu a nan dole mu ƙara namu lissafin. Sabuntawa zango biyu ce, saukewa da sakawa, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne. In wuta ta ɗauke ko data ta ƙare ana tsakiyar saukewa, ba abin da ya lalace. Apt zai ci gaba daga inda ya tsaya. In kuwa ta ɗauke ana tsakiyar sakawa, lokacin da dpkg, wanda apt ke sakawa ta hannunsa, ya kwance tsohon laburare bai gama daidaita sabo ba, nan ne ake shiga uku. Don haka ka raba su. Rubuta `sudo apt upgrade --download-only` a lokacin da data ta fi maka araha, da dare ne ko a inda ka samu Wi-Fi. Fakitocin za su zauna a /var/cache/apt/archives suna jiranka. Sai ka zaɓi lokacin da batirin laftof ya cika, ko janareta yana da mai, ko rana ta take a kan sola, ka maimaita umarnin ba tare da wannan ƙarin ba. Sakawa ba ta bukatar intanet a galibin lokuta, kuma mintuna kaɗan take ci. Mai kwamfutar tebur da ba shi da UPS ya fi kowa bukatar kiyaye wannan, domin shi ko sauya layi daga wutar gari zuwa janareta ya isa ya kashe masa ita.

In abin ya riga ya faru, kada ka yi saurin ɗauko filashi don sake saka komai daga farko. In kwamfutar ta tashi, ko da baƙin allo ne kawai, shiga da sunanka da kalmar sirri ka rubuta `sudo dpkg --configure -a`. Wannan zai ƙarasa daidaita duk fakitin da aka bari a rataye. Biye da shi `sudo apt --fix-broken install`, wanda zai cike madogaran da suka ɓata. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake kai wa masu gyara da sunan Linux ta mutu, waɗannan layuka biyu ne maganinsu. In fuskar ta ƙi zuwa gaba ɗaya, danna Ctrl da Alt da F3 tare, galibi za ka samu wurin rubuta umarni. Wanda kuma ke sabunta wata kwamfuta daga nesa ta SSH, ya fara buɗe tmux ko screen ya yi aikin a cikinsu, don kada yankewar netwok ɗinsa ta yanke aikin a can.

Wani saƙo da ke firgita mutane shi ne wanda ke cewa an kasa samun makullin /var/lib/dpkg/lock-frontend. Za ka iske masu ba da shawara da yawa suna cewa a goge fayil ɗin kawai. Kada ka yi. Makullin yana nufin wani ya riga ka shiga, kuma yawanci unattended-upgrades ne, wato ɗan aiken da Ubuntu ke tayarwa a ɓoye don saka gyaran tsaro, musamman jim kaɗan bayan an kunna kwamfutar da ta kwana biyu a kashe. Saƙon ma yakan faɗi sunan wanda ke riƙe da makullin. Ka ba shi mintuna ya gama. Goge makulli a lokacin da wani ke rubutu a rajistar dpkg hanya ce ta ɓata rajistar da hannunka.

Akwai kuma matsalar da ta fi yawa a laftof na hannu, irin waɗanda suka cika kasuwanninmu. Ɗan ƙaramin batirin da ke riƙe agogo a cikin na'urar yakan mutu, sai kwamfuta ta tashi tana zaton ana wata shekarar da ta wuce. Sai apt update ya ce fayil ɗin Release bai fara aiki ba tukuna, ya ƙi ci gaba. Ba rumbun ne ya lalace ba. Rubuta `date` ka ga ranar da kwamfutarka ke tsammani, gyara agogo, ko ka kunna daidaita lokaci ta intanet da `sudo timedatectl set-ntp true`, sannan in ka samu sarari ka canza batirin.

Lamba ta huɗu, ta waɗanda aka bari a baya, ba ta cika zama abin damuwa ba. A Ubuntu sau da yawa dalilin shi ne ba a sakar wa kowa sabon gyara rana ɗaya. Ana fara ba wa wani kaso na kwamfutoci, in ba a ji kuka ba a faɗaɗa. Naka zai iso cikin 'yan kwanaki, kuma gyaran tsaro ba ya bin wannan layi. Wani lokacin kuma fakitin ba zai sabuntu ba sai an cire wani, shi ya sa upgrade ya kauce masa. A nan sai ka gwada `apt -s full-upgrade` ka ga me za a sadaukar. In tsohon laburare ne za a musanya da sabonsa mai kusan suna ɗaya, bismillah. In ka ga sunaye irin ubuntu-desktop ko gdm3 ko network-manager a jerin cirewa, ja da baya.

A tsakiyar sakawa wataran aikin zai tsaya cak, a tambaye ka game da wani fayil a cikin /etc: an kawo sabo, kai kuma ka taɓa gyara naka, wanne za a riƙe? Kada ka amsa da ka. Danna D ka ga bambancin. In ka san kai ka yi gyaran kuma kana bukatarsa, riƙe naka, wanda shi ne zaɓin da ake ɗauka in ka danna Enter kawai. Sabon ba zai ɓata ba, za a ajiye shi a gefe da ƙarin .dpkg-dist a ƙarshen sunansa, ka kwatanta su a natse daga baya.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne. Babban abin da ke karya Linux a hannun mutane shi ne haɗa rumbuna. Fakitocin da ke cikin rumbun Ubuntu 24.04 an gina su ne tare, an gwada su tare. Da zarar ka ƙara wani rumbu daga waje, ka shigo da fakitin da ba a gwada shi da sauran ba, kuma in sigarsa ta fi ta gida sabunta apt zai fifita shi. Mutum ya ga manhajar gyaran hoto da ke rumbu ta ɗan tsufa, sai ya ƙara PPA, wato rumbun waje, na wani da bai sani ba. PPA ɗin ya zo da sabon laburare, laburaren ya maye na gida, bayan wata shida mai PPA ya daina kula da shi, Ubuntu kuma ta fitar da gyaran da ke neman laburaren gida. Daga nan kullum sai saƙon madogaran da ba a cika ba. Garin neman gira an rasa ido. Mafi muni shi ne ƙara rumbun Debian a Ubuntu, ko rumbun gwaji na Debian a kan tsayayyiyarta. Mutanen Debian har suna suka raɗa wa irin wannan haɗin gambiza, FrankenDebian, kuma ba sa ɗaukar alhakinsa. Ga kuma batun amana: duk rumbun da ka ƙara, ka ba mai shi ikon saka abin da ya ga dama a kwamfutarka da cikakken iko, a duk ranar da ka sabunta.

Ba cewa nake kada a ƙara ko ɗaya ba. Rumbun da kamfanin da ya ƙera manhaja ke kula da shi da kansa, mai ɗauke da manhajar kaɗai, ba ya cika kawo rigima. Amma ka san adadinsu. Leƙa cikin /etc/apt/sources.list.d lokaci-lokaci, duk wanda ka manta dalilin ƙara shi ka cire. In wani fakiti yana ba ka wahala, `apt policy` tare da sunansa zai nuna maka sigar da ke ciki da rumbun da ta fito. In kuma fayil mai ƙarewa da .deb ka sauko da shi, saka shi da `sudo apt install ./` haɗe da sunan fayil ɗin, maimakon `dpkg -i`, domin apt zai nemo masa madogaransa, dpkg kuwa zai saka shi ya bar ka da su.

Yawancin masu haɗa rumbuna lambar siga ce ke ruɗarsu. Suna ganin tsohuwar lamba sai su ɗauka manhajar a buɗe take ga ɓarayi. Ba haka Debian da Ubuntu ke aiki ba. Suna riƙe sigar da suka fito da ita, in an gano ɓaraka sai su ɗauko gyaran kaɗai su ɗinka shi a jikin tsohuwar, lambar farko ba ta canzawa sai 'yar jelar da ke bayanta. Kuma sabo ba kullum ne ya fi aminci ba. A Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga ta SSH na ɗan jinkiri a Debian ta gwaji da yake amfani da ita, ya bi diddigi, ya gano an dasa ƙofar baya a manhajar matse fayiloli ta xz, siga 5.6.0 da 5.6.1. Waɗanda ke bin sabon fitowa ne abin ya isa gare su. Masu Debian tsayayyiya da masu Ubuntu LTS mai dogon wa'adi, da tsohuwar xz ɗinsu, bai taɓa su ba.

In da gaske kana bukatar sabuwar siga, akwai hanyoyin da ba sa taɓa kayan gida. Debian tana da rumbun backports, wanda aka gina musamman don ya zauna lafiya da tsayayyiya. Flatpak da Snap kuma suna kawo manhaja da madogaranta a kulle wuri guda. Kuɗinsu shi ne data da sarari: manhajar farko da za ka saka ta Flatpak tana iya jawo ɗaruruwan megabayit na tushen da take tsayawa a kai. Kuma apt ba ya sabunta su. Na Flatpak sai ka rubuta `flatpak update`. Snap shi ke sabunta kansa, yana leƙawa sau huɗu a rana, abin da ke cinye wa masu haɗa kwamfuta da wayarsu data ba su sani ba, tunda Firefox na Ubuntu ma Snap ne. Ka nuna wa kwamfutar a saitin netwok cewa layin na awo ne, sannan ka rubuta `sudo snap set system refresh.metered=hold`, zai dakata har sai ka hau layin da ba na awo ba.

Ɗalibai masu koyon Python su ma suna da nasu tarkon. Sassa da yawa na Ubuntu da Python aka rubuta su, kuma da laburaren da apt ya saka suke aiki. Wanda ya yi `sudo pip install` yana iya maye ɗaya daga cikinsu ba tare da apt ya sani ba. Shi ya sa daga Debian 12 da Ubuntu 23.04 pip ke ƙin yin haka, ya ce muhallin na wani ne. Akwai ƙarin umarnin da ke tilasta shi, sunansa ma `--break-system-packages`, kuma sunan ya faɗi gaskiya. Yi wa kowane aikinka muhallinsa da `python3 -m venv`, ka saka abin da kake so a ciki.

Bayan an gama sakawa, saura tayarwa. Manhajar da ke buɗe tana ci gaba da amfani da tsohon laburaren da ta ɗauka tun farko har sai an rufe ta an sake buɗewa, kanel kuwa, wato zuciyar tsarin, sai an sake kunna kwamfuta. A Ubuntu, in ka ga fayil ɗin /var/run/reboot-required, ana jiranka ke nan. In bayan tashi Wi-Fi ya ɓace ko allo ya rikice, musamman ga masu katin NVIDIA ko wasu katunan Broadcom da Realtek da direbansu ba ya cikin kanel, tsohon kanel yana nan bai tafi ba. Sake kunnawa, riƙe Shift ko ka danna Esc don jerin GRUB ya bayyana, shiga zaɓin ci-gaba, ɗauki na baya. Saboda haka kada ka yi gaggawar `sudo apt autoremove` kafin ka tabbatar sabon yana aiki. Bayan ka tabbatar kuwa ka yi shi, domin tsofaffin kanel na cika /boot, kuma cikarsa na tsayar da sabuntawa a tsakiya. Umarnin `df -h` zai nuna maka sararin da ya rage. Shi ma autoremove jeri yake kawowa, a karanta. Don sanin me ya canza a daren da abu ya lalace, buɗe /var/log/apt/history.log, komai na nan da kwanan wata. In fakiti guda ne mai laifi, `sudo apt-mark hold` da sunansa zai daskarar da shi, amma ka rubuta a wani wuri cewa ka yi haka, don fakitin da aka daskarar aka manta ba ya samun gyaran tsaro.

Timeshift, wanda Linux Mint ke zuwa da shi kuma ake iya saka shi a sauran, yana ɗaukar hoton tsarin gaba ɗaya yadda za ka iya komawa jiya in yau ta ɓaci. Ka tuna dai ba ya haɗawa da takardunka da hotunanka in ba ka sa shi ba. Waɗannan kwafinsu daban, a wani faifai daban.

Masu Fedora nasu umarnin `sudo dnf upgrade` ne, shi ke ɗauko jeri da kansa, kuma `dnf history` na ajiye tarihin abin da aka yi. Masu Arch kuwa doka ɗaya ce ba a karya ta: `pacman -Syu` gaba ɗaya ko a bari. Ɗauko sabon jeri a saka fakiti guda a bar sauran shi ne hanyar da aka fi karya Arch da ita, kuma wanda datarsa ke da iyaka ya yi tunani sosai kafin ya zaɓi tsarin da kullum cikin sauyawa yake.

Mai shagon buga takardu ko malamin da ke kula da ɗakin kwamfutocin makaranta ba shi da dalilin sauke fakiti ɗaya sau goma sha biyar. In kwamfutocin na kan netwok ɗaya, saka apt-cacher-ng a guda, ka nuna wa sauran adireshinta da ƙofa ta 3142 a saitin apt. Ta farko da ta nemi fakiti ce kaɗai za ta ci data. In ba netwok, sauke a guda da `--download-only`, kwashe fayilolin .deb da ke /var/cache/apt/archives a filashi tun kafin ka saka su, domin apt yakan share su bayan sakawa, ka zuba su a wuri ɗaya a sauran, ka yi update sannan upgrade. Sharaɗin shi ne duka su kasance fitowa ɗaya.

Tsallakawa daga fitowa zuwa fitowa wani aiki ne daban, kuma ba a yin sa ranar da ake da aikin gaggawa. Ubuntu tana fitar da LTS a Afrilun kowace shekara mai lamba cika, irin 22.04 da 24.04, ana kula da ita shekara biyar. Waɗanda ke tsakani wata tara kawai suke samu, bayan haka a kwashe rumbunsu, apt update ya koma zubo 404. In ba gwaji kake so ba, zauna a LTS. Ubuntu 20.04 ta gama wa'adinta na yau da kullum a Mayun 2025. Mai ita ko ya haye gaba, ko ya yi rajistar Ubuntu Pro, wadda kyauta ce ga mai amfanin kansa har kwamfuta biyar, kuma tana tsawaita gyaran tsaro zuwa shekara goma. Kafin hayewa ka gama sabunta wadda kake kai, ka kwafe takardunka, ka tanadi wuta ta sa'o'i da data ta gigabayit da dama, sannan `sudo do-release-upgrade`. Zai kashe PPA ɗinka da kansa, kada ka mayar da su sai wanda ka tabbatar yana da fakitin sabuwar fitowa. Ba a tsallake zango: daga 20.04 sai an bi ta 22.04 kafin 24.04, haka Debian daga 11 sai 12 sannan 13. In zango biyu ko fiye ke gabanka, ga kuma tarin PPA na shekaru, sauke sabon hoton sakawa sau ɗaya ya fi araha a data da lokaci. A wannan karon ka ware wa /home ɓangarensa na faifai, yadda in ka sake saka tsarin nan gaba takardunka za su zauna a inda suke.